Yadda Za a Shirya Fim a Kan Cin Zarafin Yarinya Ba Tare da Kamara Ta Goyi Bayan Azzalumi Ba

Labarin yarinyar da aka ci zarafinta yana cikin labaran da masu shirya fim suka fi ɗauka, musamman yanzu da ake yin fim mai dogon zango ana ɗorawa a YouTube kowane mako. Yana jawo 'yan kallo, yana sa hawaye, furodusa kuma ya samu bakin cewa faɗakarwa yake yi. Sai dai ɗan kallo ba ya ganin niyya. Abin da kamara ta kalla shi yake gani. Ana iya rubuta labarin da ke la'antar fyaɗe da baki, a kuma ɗauke shi ta yadda ɗan kallo zai tsaya daidai inda mai fyaɗen ya tsaya, yana kallon abin da yake kallo. Wannan bayani na marubuta ne da daraktoci da masu ɗaukar hoto da editoci, musamman ƙananan ƙungiyoyin Kaduna da Zariya, inda sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe aiki uku.

Ma'aunin da za a riƙe

Masu nazarin fim ta fuskar haƙƙin mata sun daɗe da bayar da ma'auni mai sauƙin aiki. A 1975 wata 'yar Ingila, Laura Mulvey, ta wallafa maƙala a mujallar Screen inda ta ce kallo iri uku ne a kowane fim: kallon kamara lokacin ɗauka, kallon 'yan wasa a tsakaninsu, da kallon mutanen da ke zaune gaban allo. Ta ce finafinan Hollywood sun saba haɗe ukun nan su zama idon namiji guda, mace kuma ta zama abin kallo kawai. A 1992 bell hooks, baƙar fatar Amurka, ta ƙara da cewa mata baƙaƙe ba sa karɓar wannan ido haka nan, suna kallo suna musu da abin da aka nuna musu. Mu ma nan ba baƙon zance ba ne. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, kuma labarin bai rabu da yarinyar ba har ta tsaya da ƙafarta.

Tambayar da za ta bi ku daga rubutu har fosta guda ɗaya ce: a wannan fitowa, idon wa aka ara wa ɗan kallo?

Tun a takarda

Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a rubuta magana ko guda, a jera fitowa-fitowa a takarda, kowace a layi ɗaya, a ja gida uku a gefe. Gida na farko: wa fitowar ta buɗe da shi? Na biyu: wa ya yanke shawarar da ta ciyar da labari gaba? Na uku: fuskar wa aka bari a allo kafin a yanke? In an gama a ƙirga. Idan fitowa 40 ce, sunan yarinyar bai kai sau 10 ba a gida na biyu, to labarin ba nata ba ne, na yayanta ne mai neman fansa, ko na ubanta mai jin kunyar masallaci, ko na lauyan da zai yi jawabi a kotu.

Akwai gwaji mai zafi fiye da wannan. A cire yarinyar daga labarin, a sa motar da aka sace a gurbinta. In har yayan zai yi fushi iri ɗaya, ya bi sawu iri ɗaya, ya kama ɓarawo a fitowa ta ƙarshe ba tare da an sauya komai ba, an mayar da yarinyar kadara ke nan. Sai a koma farko. Gwajin Bechdel na 1985 ma yana da amfani, wato a samu mata biyu suna magana da juna a kan abin da ba namiji ba, amma kada a dogara da shi. Kishiyoyi biyu da ke faɗa a kan tukunya sun ci wannan gwaji, fim ɗin kuma yana nan da raina matansa.

Shawararmu ga fim na minti 90: a ba da minti 15 zuwa 20 na farko ɗan kallo ya san yarinyar. Ajinta nawa, wane darasi take gudu, wace ƙawa take raka ta Islamiyya, me take tara kuɗi a asusu za ta saya, yaya take wasa da kakarta. A ba ta aibi ma, ko tsiwa ko son jiki. Marubuta da yawa suna mayar da ita waliyyiya don a tausaya mata, ba su lura sun koya wa jama'a cewa mai tsiwa ba ta cancanci tausayi ba. Abin da ya faru kansa kada ya ci fiye da minti 2 a allo. Sauran lokacin duka na abin da ya biyo baya ne.

A kula sosai da fitowar da ke gab da faruwar abin, domin duk abin da aka sa kafin wani abu, ɗan kallo yana ɗaukarsa sanadi. Idan aka nuna ta saci jiki ta tafi biki, ko ta yi wa uwarta rashin kunya, ko ta tsaya shafa jan baki, sannan aka kawo harin, edita ya yanke hukunci ko da babu wanda ya furta: ita ta ja. Zauren kallo zai cika da "me ya kai ta?" da "ruwa ba ya tsami banza". Fitowar da ta dace a wurin ita ce ta mutumin yana shiri: yana aiken ƙanenta sayen kati don gidan ya zama ba kowa, yana tambayar yaushe uwar za ta dawo daga unguwa. Haka nauyin ke komawa kan mai shi.

Shi kansa azzalumin kada a rubuta shi ɗan daba mai jan ido da ke laɓe a kango. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yarinya 1 cikin 4 a Najeriya tana fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18, kuma galibi mai aikata hakan wanda ta sani ne. Maƙwabci ne, ko mai shagon bakin layi da ke yafe mata canji, ko malamin da ke zuwa gida koyarwa, ko mijin uwar ɗakin da aka kai ta aikatau, ko ɗan uwan da ke kwana a ɗakin zaure. A nuna yadda yake gina yarda: ƙaramar kyauta, sai sirri tsakaninsu, sai raba ta da ƙawaye, sai tsoratarwa. A nuna gwargwadon yadda uwa za ta gane alamar, a tsaya nan, fim ba makarantar koyon dabara ba ce. Kuma kada a ba shi mafaka. Da zarar an ce aljani ne ya shige shi, ko ƙwaya ya sha, ko matarsa ce ta yi yaji, an wanke shi rabi.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa yarinyar ta yi kokawa da ihu don a tabbatar wa jama'a ba da son ranta ba ne. A zahiri da yawa jikinsu sandarewa yake yi, murya ta ɗauke. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan mata 298 da suka je wani asibiti a Sweden bayan fyaɗe ya samu kusan kashi 70 cikin 100 sun faɗi irin wannan sandarewa. Fim ɗin da ya nuna haka, sannan ya sa likita ko ma'aikaciyar jinya ta bayyana wa uwa dalili, ya amsa tambayar da ake azabtar da yara da ita a gida da ofishin 'yan sanda: "to me ya hana ki yin ihu?"

Inda za a kafa kamara

A nan aka fi yin ɓarna, kuma yawanci ba da gangan ba, hannun mai ɗaukar hoto ne ya saba da ɗaukar waƙa. Ga abin da za a faɗa masa tun kafin a fita lokeshan.

A daidaita tsayin kamara da idon yarinyar, tana tsaye ko tana zaune. In aka ɗauke ta daga sama, an ƙasƙantar da ita, an kuma sa ɗan kallo a tsayin mutumin da ke kanta. Ba a bin jikinta da kamara daga ƙafa zuwa fuska, ba a tsayawa kan wani sashe na jiki shi kaɗai, ba a ɗaukarta ta baya tana tafiya da tire a kai. Ba a ɗauka ta saman kafaɗarsa, ba a leƙa ta taga ko ramin ƙofa kamar yadda yake leƙe. Idan labari yana bukatar a san yana kallonta, a juya kamara kan fuskarsa shi. Ɗan kallo ya ga mutum yana kallo ya ji ƙyama, ba sai an nuna masa abin da mutumin ke gani ba. Wannan juyawa guda ita ce rabin aikin.

Kada edita ya rage gudun hoto a wannan fitowa. Rage gudu yana ƙawata abu, shi ya sa ake yinsa wa amarya. Kada a sa haske mai laushi, kada mai kwalliya ta gyara mata fuska, kada a yaga tufafi a gaban kamara. A yanke tun kafin ya taɓa ta. Rufe ƙofa ya isa, ko fuskar ƙanwarta da ke tsakar gida tana jiran a fito a ba ta canjin.

A guji alamun da aka gaji da su: ƙwai ya faɗi ya fashe, fure ya yi yaushi, farin ƙyalle ya ɓaci. Dukkansu abu ɗaya suke faɗi, cewa yarinyar ta lalace ba ta da sauran amfani, kuma wannan shi ne ainihin tunanin da ke sa iyaye ɓoye magana.

Sauti ma kallo ne. Ihun da aka ja na tsawon minti guda a bayan rufaffiyar ƙofa ya zama abin nishaɗi kamar hoton da aka ƙi nunawa. Ƙarar janaretan maƙwabta, ko rediyon da mutumin ya ƙure, ya fi gaya wa ɗan kallo dalilin da ya sa ba wanda ya ji. Batun waƙa kuwa a yanke shi tun a ofis: babu waƙar soyayya tsakanin yarinyar da mutumin, ko da a mafarki ne, ko da mai saye ya ce fim ba ya tafiya sai da waƙa. Haka nan kada a ɗora kiɗa mai taushi a kan daren farko na auren dole. Kiɗan yana gaya wa mutane yadda za su ji, kuma sun fi yarda da shi a kan maganar 'yan wasa.

Ranar ɗauka

Ga duk fitowar da ta shafi harin, a nemi jarumar da ta cika shekara 18, mai ƙaramin jiki, a ga takardar haihuwarta ko katin ɗan ƙasa, kada a yarda da "ai na girma". Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. Sashe na 23 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya haramta hoton batsa na yara, har da na wanda aka nuna kamar yaro ne, don haka girman jaruma ba lasisin nuna komai ba ne.

A ba ta shafukan fitowar tun kwanaki kafin ɗauka, a rubuce, da bayanin inda kamara za ta tsaya da inda za a yanke. Ranar ɗauka ba a ƙara ko taɓa hannu a kan abin da aka rubuta. Misalin da masu nazari ke yawan kawowa shi ne na jaruma Maria Schneider, wadda tana da shekara 19 darakta Bernardo Bertolucci da jarumi Marlon Brando suka shirya wani abu a fitowar fyaɗe ta fim ɗinsu na 1972 ba su gaya mata ba, wai don a samu firgici na gaske. Shekaru da yawa bayan haka ta ce ta ji an wulaƙanta ta. Irin wannan ne ya sa tashar HBO ta Amurka ta fara ajiye mai sa ido na musamman a irin waɗannan fitowa daga 2018. Ku ba sai kun ɗauko kowa daga waje ba: babbar mace guda da jarumar ta zaɓa da kanta, wadda aka ba ikon cewa a tsaya kuma darakta ya tsaya, ta wadatar.

A rage mutane. Darakta, mai kamara, mai sauti, 'yan wasan biyu da matar nan, shida ke nan. Sauran su fita har da furodusa, a karɓe wayoyi a bakin ƙofa. A gwada motsin sau biyu ko uku ba tare da shiga yanayi ba, sannan a ɗauka, kada a wuce sau uku. A sa fitowar da safe, a bi ta da wata mai sauƙi, kada ta zama ta ƙarshe da dare a sallami jaruma ta hau Keke Napep da kuka a wuya.

Idan a wasu fitowar dole sai ƙaramar yarinya, a samu izinin iyaye a rubuce da yardarta ita ma, uwa ko yaya tana wurin, kuma ba a lokacin makaranta ba. Fitowar tsoratarwa a ɗauke ta rabi-rabi: a ɗauki mutumin shi kaɗai yana maganarsa, a ɗauki yarinyar daban tana kallon hannun darakta, edita ya haɗa. Ba ta bukatar jin kalaman ko sau ɗaya. A kuma gaya wa iyayen gaskiya cewa bayan fim ya fita za a iya tsokanarta da sunan fim a makaranta da layi, su yanke shawara da saninsu. Ɗanyen hoton a ajiye shi a ma'ajiya biyu masu lambar sirri, kuma babu bidiyon bayan fage na wannan rana a TikTok.

Abin da ya biyo baya

Nan ne fim zai yi amfani ko ya yi ɓarna, domin uwar da ke kallo a Rigasa ko Tudun Wada za ta riƙe abin da ta gani. A sa bayanin ya zama daidai. Maganin kariya daga cutar HIV ana fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma gara da wuri. An fi so a je asibiti kafin wanka, a tafi da tufafin ba a wanke ba, a naɗe a takarda maimakon leda saboda leda na riƙe danshi ta lalata shaida. In ma an riga an yi wanka a je. A Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da ke karɓar irin waɗannan a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. Kafin a rubuta fitowar asibiti, marubuci ya je ya nemi ma'aikaciya ta karanta masa shafukan, ta gyara abin da ba haka ake yi ba.

Doka ma a faɗe ta daidai. Kaduna ta amince da dokar hana cin zarafin mutane a 2018. A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu a gyaran dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai-da-rai idan wanda aka yi wa ya haura haka. Amma kada a kama mutum a wannan fitowa a yanke masa hukunci a ta gaba. A nuna ɗage zama, da kuɗin mota zuwa kotu, da dattawan da ke sallama bayan Isha'i suna cewa "a rufa asiri", "a bar wa Allah", "wa zai aure ta in magana ta fita?" Tsananin hukuncin ma yana ƙara wa dangi matsin lamba idan mai laifin na gida ne, kuma nan akwai wasan kwaikwayo mai ƙarfi wanda ba a cika taɓawa ba: uwa zaune tsakanin 'yarta da surukarta.

Ƙarshe uku ne suka zama jiki: ta mutu, ta haukace, ko ta shiga bariki. Na huɗu ya fi su muni, a aura mata mutumin a kira shi rufin asiri, daga baya ta fara sonsa. Idan za a nuna irin wannan aure, a nuna shi a matsayin cuta ta biyu. Mutuwa kan iya zama gaskiyar labari, kamar a fim ɗin Dry na Stephanie Linus, inda Halima 'yar shekara 13 ta gamu da yoyon fitsari bayan auren wuri, daga ƙarshe ta rasu. Amma yarinyar da abin ya taɓa faruwa da ita tana cikin 'yan kallonku, ba ta gaya wa kowa ba, tana jiran ta ga me zai zama da wadda ke allo. In kowane fim ya kashe ta, kun ba ta amsa. A bar ta ta koma aji, ta zana jarrabawa, wata rana ta kasa barci, wata rana ta yi dariya da ƙawarta. In labarin gaskiya aka ɗauko, a sauya suna da unguwa da sana'ar uba da adadin 'yan'uwa, domin a Kaduna abu biyu daga cikin waɗannan sun isa a gane gida.

Fosta, tirela da gwajin kallo

Ana iya kiyaye duk abin da ya gabata, mai fosta ya rushe shi a rana ɗaya. A 2020 Maïmouna Doucouré, Bafaranshiya 'yar asalin Senegal, ta fitar da fim ɗin Mignonnes don sukar yadda ake tura ƙananan yara mata kwaikwayon rawar manya. Netflix ya yi masa fosta da hoton yaran cikin kayan rawa, aka yi ca a kai, kamfanin ya nemi afuwa. Ko bayan haka masu nazari sun rabu biyu: wasu suka ce fim ɗin ya yi suka mai ma'ana, wasu suka ce kamararsa ta aikata abin da yake suka. Don haka darakta ya riƙe ikon amincewa da fosta da tirela da ɗan hoton da ake liƙawa a fuskar bidiyo a YouTube, a rubuta haka cikin yarjejeniya da furodusa. Babu hoton yarinya a ƙasa tana kuka da mutum tsaye a kanta, babu take irin "Kalli abin da ya yi mata".

Kafin a kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, ko ta Jihar Kano in can za a kai kasuwa, a tara mata 8 zuwa 10 su kalla: malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, lauya, uwaye, ɗalibai manya. A gaya musu abin da ke ciki tun kafin a kunna, wadda ba za ta iya ba ta fita. Darakta kada ya yi bayani, kada ya kare kansa. A raba takarda kowa ta rubuta amsar tambaya uku ita kaɗai: laifin wa ne, wace fitowa ce kika so kawar da kai, me kika sani game da yarinyar ban da abin da aka yi mata? In mutum biyu suka rubuta sunan yarinyar ko na uwarta a tambaya ta farko, a koma a duba fitowa ukun da suka gabaci harin, yawanci can matsalar take. In amsar tambaya ta uku ba ta wuce layi ɗaya ba, minti 20 na farko ne ke bukatar ƙarin ɗauka.

A farkon fim a sa gargaɗi na daƙiƙa 5 da Hausa, a rubuce kuma a karanta da murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. A ƙarshe, kafin sunayen ma'aikata, a sa sunan cibiyar Salama mafi kusa da lambar wayarta. A kira lambar a ranar da za a saki fim a tabbatar ana ɗauka, kuma in mai dogon zango ne a maimaita allon a ƙarshen kowane kashi da ya taɓo batun.